Tsintsiyar Injiniya Munzali

Duk wanda ya san Munzali Inuwa a Riyad zai gaya maka mutum ne da ba ya shiga sabgar da ba tasa ba. Injiniyan na'urorin sanyaya wuri ne, a wani kamfani mai kula da manyan kantuna, kuma a garin da rana ke neman narkar da kwalta, mai irin wannan aiki ba ya rasa masu nemansa. Larabawan wurin aikinsa Muhandis suke ce masa, wato injiniya. Duk lokacin da aka kira shi haka sai ya ji daɗi har cikin ransa, domin ya san wahalar da aka sha kafin sunan ya zama nasa.

Wanda ya sha wahalar kuwa mahaifinsa ne, Malam Inuwa. Sharar tashar mota ya yi a Gumel, tun yana saurayi har bayansa ya ranƙwafa. Direbobi da 'yan kamasho Inuwa Shara suke kiransa, yaran da aka haifa a gabansa ma haka, ya amsa, ya haɗiye. Amma ya ɗauki alkawari tsakaninsa da Allah cewa ɗansa ba zai riƙe tsintsiya ba. Ranar da Munzali yana ƙarami ya ɗauko ta don ya taya uwarsa share tsakar gida, uban ya fizge ta ya wurga bayan katanga. Ƙanwarsa Hansai ce ta gaji sharar gidan, tana yi tana mita, shi kuwa aka ce ya je ya ɗauki littafi.

Ya ɗauki littafin, bai ba da kunya ba. Ya yi karatu a Kano, ya yi aiki a wata masana'antar ƙanƙara, ya yi aure, sannan hanyar Saudiyya ta buɗe. Tun daga nan Malam Inuwa ya zama wani mutum daban. In ya zauna a majalisar ƙofar masallaci, ko zancen farashin gero ake yi sai ya san yadda ya karkato da shi ya ce, "Ai jiya Injiniya ya bugo." Mutane suka gaji da ji, wasu ma suka ƙullace shi, shi kam ko a jikinsa.

Abin da Injiniya ba ya faɗa a waya shi ne kaɗaici ya kusa cinye shi. Matarsa da 'ya'yansa suna Kano, takardun kawo su sun ƙi fitowa. Daga aiki sai masallaci, daga masallaci sai ɗaki. Ran Juma'a ya shiga jirgin ƙasan cikin gari, ya sauka ya nemi tasi zuwa kasuwar Al-Aziziya, ba don yana bukatar kwandon tumatir ba, sai don ko zai ji wani ya yi Hausa.

Inda bai zata ba a nan ya ji ta. Kamfaninsu ya tura shi duba injinan da ke daskarar da wani filin ƙanƙara a cikin wani katafaren kanti. Ya fito daga ɗakin inji ke nan, hannu duk baƙin mai, sai ya ga manyan mutane da gemunsu suna goge ƙasa mai tsabta kamar an ce za a kore su daga aiki. Bai san ya yi magana a fili ba.

"Ikon Allah, waɗannan kuma wane laifi suka yi?"

"Laifin son wasa, ɗan'uwa," in ji ɗaya daga cikinsu, yana haki yana dariya. Hamissou ke nan, mutumin Maraɗi, direba a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, wanda ya koyi wasan a wurin Turawan da yake tuƙawa.

Shi ya yi masa bayani. Sunan wasan kalin. Mutum huɗu ne a kowace ƙungiya. Ɗaya ya tura wani dutse mai nauyi ya sulala a kan ƙanƙara zuwa wata da'ira da aka zana a can ƙarshen fili, biyu su bi gabansa da buroshi mai dogon mariƙi suna gogewa, domin gugar ce ke sa dutsen ya ƙara nisa ya kuma miƙe, kyaftin kuwa yana can wajen da'irar yana ihun a goge ko a bari. Wanda dutsensa ya fi kusa da tsakiya shi ya ci. Munzali ya yi dariya har da riƙe ciki. Asabar ta gaba sai ga shi ya dawo, wai kallo. Ta gaba da ita an ba shi takalmi.

Ranar da ya fara riƙe buroshin, Baba ya faɗo masa a rai. Ya ce wa kansa ai wannan buroshi ne, ba tsintsiya ba. Amma dai bai taɓa ambatar wasan a waya ba, wanda ke nuna shi ma bai gama yarda da kansa ba.

Sai ga shi Allah ya ba shi hannu. Yana da ƙarfin kafaɗa, ba ya gajiya da wuri. Mafi girma kuma, ya sami mutane. Maulud, kyaftin ɗinsu, ɗan Maroko mai aikin kantin magani, mutum ne mai faɗa a fili mai kirki a waje. Abdou ɗan Senegal ne mai son ba'a. In an tashi su zauna su sha shayi, a zolayi wanda ya faɗi. A karon farko tun zuwansa Riyad, Munzali ya sami wurin da in bai je ba za a bugo a tambayi lafiya.

Kowace shekara baƙi mazauna biranen yankin sukan yi gasa, ɓangaren Afirka da ɓangaren Asiya. Ƙungiyoyi su zo daga Doha da Dubai da Manama, kowane ɓangare a tara makinsa wuri ɗaya. Kofin bai fi butar shayi ba, amma gaba ce ta gaske. 'Yan Asiya sun saba cinyewa, har wani ɗan Koriya ya taɓa ce wa Abdou su dai ƙanƙara a cikin lemo suka san ta. Maganar ta zauna wa mutane. A bana Riyad ce ta karɓi baƙi, kuma a ranar farko ƙungiyar su Munzali ta ci wasanta. Dutsen ƙarshe shi da Hamissou suka ja shi da guga har tsakiya, Munzali ya zame ya faɗi a kan gwiwa, Maulud na tsaye a kansa yana kurma ihun a yi sauri da Larabci, "Yalla! Yalla!" Maki ya zo kusan kunnen doki, wasansu na gobe ne zai raba gardama.

Abin da ba su sani ba, wani mai yawon kanti, kuma Bahaushe, ya tsaya ya ɗauki bidiyo.

Da safe saƙon muryar Hansai ya shigo. "Yaya, don Allah me ke faruwa? Bidiyonka ya cika gari. An kai wa Baba har majalisa." Ya buɗe bidiyon. An yanke dutsen, an yanke da'irar. Abin da ya rage shi ne Munzali cikin riga iri ɗaya da ta abokansa, kamar ta ma'aikatan kamfanin shara, yana goge ƙasa iya ƙarfinsa, ya durƙusa, Balarabe na yi masa tsawa. A ƙasa wani ya rubuta: Injiniyan Saudiyya a bakin aiki.

Ya buga wa Baba. Tsohon bai amsa gaisuwa ba.

"Munzali, kai ne a ciki ko ba kai ba ne?"

"Ni ne, Baba, amma wasa ne. Wallahi wasa ne, irin na Turawa."

"Wasa," in ji Malam Inuwa. "Na tsufa ina shara, ban taɓa ganin wanda ya yi ta don nishaɗi ba. Wanda ke maka tsawa fa, shi ma wasa yake?"

"Abokina ne, Baba. Kyaftin ɗinmu ne."

"Ni ma haka nake ce wa uwarka in shugaban tasha ya zage ni."

Munzali ya ce zai turo iƙamarsa, katin zama, an rubuta aikinsa a jiki. Baba ya ce shi ba ya karatun Larabcin gwamnati, kuma takarda kowa na iya bugawa. Ya ce zai ɗauki bidiyo a wurin aiki. Sai ya tuna wurin aikin nasa ɗakin inji ne a ƙarƙashin ƙasa, shi kuma cikin kayan aiki masu maiƙo, abin da zai ƙara dagula lissafi. Ya ce ga Hamissou ya yi shaida. Baba ya ce ai ya gan shi, shi ne ɗaya mai sharar.

"Jiya a ƙofar masallaci," in ji tsohon, muryarsa na karyewa, "wani yaro ya ce ashe gado ne. Aka yi dariya, ni ma na yi. To ka saurara. In ka ƙara ɗaukar tsintsiya a ƙasar nan, ta aiki ce ko ta wasa, ban yafe maka ba."

Ya kashe wayar.

Wanda bai tashi a gidan Bahaushe ba ba zai gane nauyin wannan kalma ba, kuma Maulud bai gane ba. Da Munzali ya same su a bakin fili ya faɗa musu, kyaftin ya ɗaga hannuwa sama. "Ya Muhandis, mahaifinka yana Najeriya! Wasa ɗaya ne. Ka buga, gobe ka ba shi haƙuri." Abdou ya ce a roƙi mutane kar su ɗauki hoto. Hamissou ne kaɗai ya ja shi gefe.

"Ɗan'uwa, tsintsiya ya ce. Wannan buroshi ne."

"Hamissou, kai ma ka san abin da yake nufi."

Hamissou ya sunkuyar da kai. Ya sani.

Munzali ya ji haushin Baba, haushin da bai taɓa ji ba, ya kuma ji kunyar jin haushin. Bai yi ƙarya ba, bai yi sata ba, abu ɗaya ne ya samu mai faranta masa rai a garin nan, ga shi an ce ya ajiye. Amma da ya miƙa hannu wajen buroshin sai hannun ya ƙi. Ya cire takalmin, ya koma bayan gilashi inda 'yan kallo suke.

Doka ta yarda a buga da mutum uku, sai dai mai guga ya zama ɗaya. Hamissou ya yi iya yinsa, gumi na zuba a cikin wannan sanyi. Suka riƙe 'yan Asiya har zagayen ƙarshe. Maulud ya tura dutsen da zai raba gardama, ya tafi daidai, sai dai da ɗan sanyin gudu. Munzali ya gane tun daga nesa. Ya san da yana ciki da sun ja shi. Kafaɗunsa suka riƙa motsi da kansu. Hamissou ya goge, ya goge, dutsen ya tsaya saura bai fi tafin hannu ba.

'Yan Asiya suka ɓarke da sowa. Abdou ya wuce shi bai ɗago kai ba. Maulud ya tsaya, ya dube shi, ya ce, "Allah ya ba mahaifinka lafiya," ya tafi. Ba wanda ya kira shi shan shayi.

Bayan la'asar ya zauna a wani benci a wajen kantin ya buga gida. Yana fata ko yanzu Baba zai saurare shi.

"Baba, na bi maganarka. Ban taɓa ta ba, kuma ba zan ƙara ba."

Ya ji tsohon ya ja dogon numfashi. Da ya yi magana, muryar ta yi laushi, irin wadda Munzali bai ji ba tun yana yaro.

"Allah ya yi maka albarka. Na wuni ina tunani, ɗana. Laifina ne. Ni na matsa maka da zancen injiniya har ka ji tsoron gaya mini gaskiya. Ka yi ta turo mana da abinci daga guminka, ni ina nan ina baza baki. Shara ba haram ba ce, da ita na ciyar da ku. Ƙaryar ce kawai ta yi mini ciwo."

"Baba, ban yi..."

"A'a, kar ka ƙara. Kar ka ƙara wata a kai, zuciyata ba za ta ɗauka ba. Ka ce ka tuba kawai, in yafe maka, magana ta wuce."

Munzali yana jin numfashin tsohon a cikin wayar, yana jira, cike da ƙauna, ya riga ya shirya yafewa. Ya san in ya sake rantsuwa, wannan murya za ta koma irin ta safe, kuma bai san ko za ta ƙara dawowa ba. Hawaye suka zubo masa.

"Na tuba, Baba," ya ce.