Gashin Bakin Tamir

Shekara talatin Abu Wisam yana aski a birnin Khalil, a wani ɗan shago taku hamsin daga shingen sojojin da 'yan makarantar unguwar ke bi kowace safiya. Har yau da sunan ɗansa Wisam ake kiransa, ko da yake shekara shida ke nan da binne yaron. Shekararsa goma sha huɗu a lokacin, amma dogo ne, gashin baki ya fara fito masa. Sojan da ya harbe shi ya ce babban mutum ya gani.

Tun daga nan Abu Wisam ya sa wa kansa doka. Duk yaron da gashi ya fara tsiro wa a leɓe, sai ya biya ta shagon kafin shinge an share masa, kyauta. Iyaye sun yarda. Yaran ne matsalar, musamman Tamir, ɗan mai gasa burodi, ɗan shekara goma sha uku.

Ranar jarrabawar lissafi ya zo wucewa, hannu a kan baki.

"Kai, zo nan! Sauke hannun."

"Kawu, wata uku fa ina jiransa."

"Wannan? Na ga wanda ya fi shi a jikin kuɓewa. Zauna."

"Ina da takardar haihuwa a jaka."

"Takarda! Fuskarka za su fara karantawa, ɗan nema, kafin ka kai hannu jaka."

Tamir ya yi dariya ya ruga. Abu Wisam ya bi shi da reza a hannu har bakin titi, sai ya tuna abin da ke hannunsa da inda yake, ya koma yana tsaki.

Daga ƙofar shago ya ga sojoji sun ware yaron gefe a shinge, fuska a bango, hannuwa sama. Awa uku. Gahawarsa ta huce, masu jiran aski biyu suka gaji suka tafi, bai motsa ba.

Da azahar aka saki Tamir, an riga an tashi jarrabawa. Ya shigo bai yi sallama ba, ya hau kujera.

"Sai yanzu?" in ji Abu Wisam. "Ɗago haɓa, mai taurin kai."

Tamir ya ɗago haɓa, Abu Wisam ya ɗora reza.