Jakar da Na Sayar wa Baba Tanko

Har yau na kasa mantawa da ranar da na sayar wa Baba Tanko jakar baya. Ku da kuka fara aiki cikin watan nan, gara ku ji labarin daga bakina, domin duk Bahaushen da ya shigo kantin nan wurinku za a turo shi, kamar yadda ake turo mini su tun farko.

A lokacin ina shekarata ta huɗu a wannan kanti namu na kayan farauta da kamun kifi da ke kan titin Wendover, a nan Amurka. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a sashen fatsa. Sama da ni akwai shugaban sashe, wani dattijon Bature mai suna Rendi, sama da shi mataimakin manaja, sai manaja da ba ma ganinsa sai an yi ɓarna. Ni kuwa mutumin Dogon Dutsi ne, kifin da na sani busasshe ne a kasuwa. Duk abin da na iya a sashen nan Rendi ne ya ɗura mini shi, da haƙuri da kuma tsawa.

Ga wanda bai sani ba, fatsar da muke sayar wa kayanta ba irin ta gida ba ce da ake soka tana a ƙugiya a zauna a gaɓa ana hira. Ƙaramar ƙugiya ce ake naɗe wa gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro, mu nan ƙuda muke ce mata. Mai fatsa ya sa wandon roba har ƙirji, ya shiga tsakiyar rafi a kan duwatsu masu santsi, ya yi ta jifa. In kifi ya ƙi wannan ƙudan ya canza wani, yana tsaye cikin ruwa. Don haka inda ya ajiye 'yar akwatin ƙudajensa ba ƙaramar magana ba ce.

Jaka iri biyu muka fi sayarwa. Akwai ta ƙirji, ƙarama, kana buɗe ta da hannu ɗaya komai yana gabanka, sai dai ba ta cin kaya kuma tana ɗan tare maka ganin ƙafarka. Akwai ta baya, wadda za ta ɗauki abinci da rigar ruwa da duk abin da ka ga dama, amma kafin ka taɓa abin da ke ciki sai ka sauke ta. Ƙa'idar Rendi guda ce, kuma kullum yana maimaita ta: ba a sayar da jaka sai an gwada. Ka zuba 'yan buhunan yashi a ciki, ka ɗora wa mutum, ka ba shi sandar fatsa ya riƙe, ka ce ya ciro akwatin ƙudaje yana tsaye. Na yi wa ɗaruruwan mutane wannan gwaji, har da wasu masu kuɗin unguwar Irving Park da ke hura hanci, ban taɓa jin nauyin kowa ba.

Wata Asabar ce a farkon Afrilu, da hantsi, Malam Nasiru ya shigo da surukinsa. Nasiru na san shi a masallaci, mutumin Kano ne, abokan aikinsa Turawa ne suka koya masa fatsa. Surukin nasa, Baba Tanko, dogon tsoho ne ɗan Yawuri, wanda ya shekara hamsin yana su a kogin Kwara kafin 'yarsa Hajiya Binta, matar Nasiru, ta ɗauko shi ta kawo shi nan don neman magani. Na durƙusa na gaishe shi. Da ya ji daga inda na fito sai ya yi dariya ya ce, “Wato ɗan tudu aka sa ya sayar wa ɗan ruwa kayan su? Lallai duniya ta zo ƙarshe.”

Tsohon yana can yana jujjuya sandunan fatsa, Nasiru ya ja ni gefe ya yi ƙasa da murya. Ya ce bara Baba ya sami shanyewar ɓarin jiki. Ya warke, yana tafiya da ƙafarsa, amma hannun hagu bai dawo daidai ba, ba ya iya ɗaga shi sama da kafaɗa. Tun zuwansa ba ya cin abinci sosai, ba ya magana, sai in an ambaci ruwa. Hajiya Binta nas ce, ta ƙi yarda sam a kai shi rafi. Da ƙyar da roƙo ta amince da tafiya ɗaya tak. In ya je ya dawo lafiya, za a riƙa kai shi duk ƙarshen mako. In ko ƙwarzane ya samu, magana ta ƙare har abada. “Don Allah, Malam Isufu,” in ji shi, “ka zaɓa masa abin da ya dace.”

Ai ko ɗan koyo ya san abin da ya dace. Na ɗauko jakar ƙirji na ce, “Baba, wannan ce taku. Komai yana gabanku.”

Ya karɓa ya juya ta, ya kara a ƙirjinsa ya dubi madubi, sai ya yi kicin-kicin da fuska. “Wannan ai irin abin da matan Turawa ke goyo da shi ne a gaba. Kana so in shiga ruwa kamar mai jego?” Ya miƙo mini ita da yatsu biyu. Ya nuna babbar jakar baya mai ruwan ƙasa da ke rataye can sama. “Waccan. Ina zan sa darduma a wannan 'yar abar? Ina buta, ina shayi? Kifin ma ina za a zuba shi?”

Nasiru ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, yawanci sakin kifin ake yi.”

“A saki? To me ya kai mu?”

Muka yi dariya duka, na sauko masa da jakar. A nan ne ya kamata in je in ɗauko buhunan yashi. Suna nan ƙarƙashin kanta, taku uku daga inda nake tsaye. Amma na san abin da gwajin zai nuna. Zai nuna tsoho mai furfura yana kokawa da igiyar jaka, hannunsa ya ƙi tashi, a tsakiyar kanti, a gaban mijin 'yarsa. Na dubi Nasiru ko zai ce wani abu, na ga idonsa a ƙasa, don wa ya taɓa yi wa surukinsa gardama? Shi kuma, kamar yadda ya gaya mini daga baya, ni yake jira, tunda ni ne mai kanti. Baba Tanko ya sa hannun dama a igiya, Nasiru ya yi maza ya ɗaga masa ta hagun kamar ladabi ne kawai. Jakar babu komai a ciki ta zauna masa das. Tsohon ya juya ya ƙura mini ido na ɗan lokaci. Ya ce, “Yaya ka gani, ɗan tudu?”

Na ce, “Ta yi muku kyau, Baba.”

Abin da na faɗa ke nan. Ban ce a bar darduma da buta a mota ba, ban ce a sa akwatin ƙudaje a aljihun gaba ba. Na raka su har bakin ƙofa, Baba ya sa mini albarka, ni kuma har da jin daɗin na girmama babba.

Asabar ta zagayo suka tafi wani rafi a cikin duwatsun yamma, tafiyar kamar awa biyu daga nan. Abin da ya faru Nasiru ne ya ba ni labari ta waya washegari. Ya ce da suka shiga ruwa sai tsohon ya koma wani mutum daban. Cikin rabin awa ya gane jifan da shi Nasiru ya yi wata uku yana koyo. Yana nuna masa inda kifi ke kwance tun kafin a gan shi, har waƙa ya riƙa yi. Ganin haka Nasiru ya matsa gaba kaɗan ya ba shi wuri. Can Baba ya so canza ƙuda. Akwatin tana cikin jaka, jaka tana baya, cike da kaya. Kiran suruki ya zo ya buɗe masa jaka kamar ƙaramin yaro, wannan ba zai yi ba. Ya zare igiyar dama, nauyin gaba ɗaya ya koma kan kafaɗar hagu, jakar ta juya da shi, ƙafarsa ta zame. Ya faɗi a kan dutse, ƙashin ƙugunsa ya karye, ruwa ya cika wandon roba. Da Nasiru bai jiyo ƙarar faɗuwar ba, da gawa za a tsamo.

Ranar Litinin da safe na sami Rendi a ɗakin ajiya na gaya masa komai. Ya ajiye kwalin da ke hannunsa ya tambaye ni ko na yi gwajin. Na ce ban yi ba. Ya ce me ya sa. Na buɗe baki na rasa da wane Turanci zan bayyana masa kunya, da abin da ke tsakanin mutum da mijin 'yarsa. Na ce kawai tsoho ne, ban so in ba shi kunya ba. Sai ya ce a wurin kanti ba ni da laifi, kwastoma ne ya zaɓi kayansa, babu takardar da za a rubuta. Wallahi da ya kore ni a ranar da na fi samun sauƙi. Na koma bakin aiki, na wuni ina yi wa mutane murmushi.

Sai da aka yi wata guda da sallamo Baba Tanko daga asibiti na iya zuwa dubiya, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Hajiya Binta ce ta buɗe ƙofa. Ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta nuna mini ɗakin, ta ce, “Ban da maganar kifi, don Allah. An gama wannan.” Na same shi a kujera kusa da taga, ƙarfen da yake dogarawa yana gefensa. Ya rame ƙwarai, har sai da na yi shakkar ko shi ne. Na zauna a ƙasa, muka gaisa.

Na ce, “Baba, na zo neman gafara. Na san jakar nan ba ta dace da ku ba, na yi shiru.”

Na yi zaton zai yi faɗa, ko ya ce ƙaddara ce. Sai ya ce, “Ai na san ka sani. Ni ma na sani.”

Na ɗago kai.

“Yaro, shekara hamsin ina ruwa. Ban san ba a shiga ruwa da kaya a baya ba? Tun da Nasiru ya ɗaga mini igiyar nan na gane ba zan iya sauke ta ni kaɗai ba. Amma na riga na yi cika-baki a gabansa, na ce ƙaramar ta mata ce. Ta yaya zan janye? Shi ya sa na tambaye ka yaya ka gani. Da ka ce dokar kanti ce ba a sayarwa sai an gwada, ko ka ce manajanku zai kore ka, da na yi ta mita ina zaginka, in karɓi ƙaramar in tafi. Ƙofa nake nema ka buɗe mini. Sai ka ce ta yi mini kyau.”

Bai faɗa da fushi ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Na yi kuka a gabansa kamar ba babba ba. Ya dafa kaina da hannun dama ya ce ya yafe, in tashi in koma aiki kada a neme ni. Da na kai ƙofa ya ce, “Rabin awa na samu. Ruwan nasu akwai sanyi, amma ruwa ne.” Bai sake shiga ba. Yana nan da rai, wani lokaci a kan turo shi masallaci a keken marasa lafiya, in gaishe shi ya amsa, amma ya daina tsokanata.

Abin da na koya a aikin nan ba mai daɗi ba ne. Mutanenmu ba kamar sauran masu saye ba ne. Bature in ka ce masa jaka ba ta dace da shi ba, ko ya yarda ko ya yi musu, shi ke nan. Namu babba zai kafe a kan abin da ya san zai cuce shi saboda idon da ke kansa, na kusa da shi duk su yi shiru saboda ladabi, kowa yana jiran wani ya yi magana. A wannan tsayuwar, kai mai rigar kanti kai kaɗai ne kake da izinin yin rashin kunya, kuma don haka ake biyanka. Ka ɗora laifin a kan doka, a kan manaja, a kan kanka, amma ka ɗauko yashin.

Kada ku ɗauka na warke. Makon jiya wani Alhaji ya zo da 'ya'yansa biyu, ya miƙa hannu ga babbar jaka, kunyar wancan karon ta sake kama ni. Da ƙyar na ce sai an gwada. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi ɗan gidan wane ne ni, ya ajiye jakar ya fita ko sallama babu. Na san zuwa yanzu an gama da ni a wurin hirarsu, an ce Amurka ta lalata Isufu. Su faɗa. Alhajin dai da ƙafarsa ya fita, kuma da ita yake yawo har yau.