Ɗaya Na Tuƙi, Ɗaya Na Washi

Lokacin da nake aiki a wani kamfanin fata a Challawa, kusan kullum sai na tsaya gindin dalbejiyar bakin ƙofa, wurin masu washin wuƙa. Injinsu tsoho ne tukuf: dutse mai juyawa, sarƙar keke, sirdi da feda. Na mutum ɗaya ne, amma su biyu ke aiki da shi.

Mai injin dattijo ne daga Jigawa, ciwon gwiwa ya hana shi taka feda. Abokinsa mutumin Nijar ne, tsohon mai gadi, ƙafarsa garau amma idonsa ya yi rauni. Sai suka raba aikin, mutumin Nijar ya hau sirdi ya tuƙa, dattijon ya zauna a benci ya riƙe wuƙa.

Mai tuƙin akwai son ba da labari, kuma ƙafarsa bakinsa take bi. In labari ya yi daɗi, dutse ya ɗau gudu, tartsatsi ya tashi. In aka zo wurin tausayi, sai dutsen ya nemi tsayawa.

"Malam, ka kai mutumin nan asibiti da wuri," dattijon ya ce masa wata rana, da labarin ya zo kan wani marar lafiya. "Mahauci na jira."

"To ai motar ce ta lalace musu a hanya," in ji shi.

Ana gab da Babbar Sallah 'yar mai tuƙin ta haihu, ya tafi gida suna. Wuƙaƙe suka taru, ba mai taka feda. Na tashi daga aikin safe na tarar da dattijon ya yi tagumi.

"Baba, ku bari in tuƙa muku," na ce.

Na hau, na riƙa takawa daidai wa daida, bakina gum. Can ya ɗaga wuƙa daga kan dutse ya dube ni.

"Kai ba ka da labari ne?"

"Na ɗauka shirun kuka fi so."

"Barci yake sa ni."

Sai na ba shi labarin ranar da na fara aiki, yadda warin jima ya kore ni waje ina amai. Ya yi dariya har ya ajiye wuƙar. Haka muka yi har Sallah, cinyoyina kamar ba nawa ba.

Da abokin ya dawo, ya miƙo mini cuku a leda, ya hau sirdi, ya ɗan mutsutsuka.

"Wa ya ɗaga mini sirdi?" ya tambaya.