Abin da Lawal Ya Ɓoye a Hannun Gem Ɗinsa

A watan nan Lawal ya cika shekara goma sha biyu da rasuwa. Abokina ne tun muna firamare a Funtuwa. Makanikin injin casar masara ne, kuma da kaka, daga Bakori har Dandume, ba wanda bai san shi da jakar sifanunsa a bayan babur ba. Amma mu da muka tashi tare, da wani abu daban muka fi saninsa.

A lokacin akwai gidan gem a bayan layinmu, shago ɗaya da talabijin biyu da benci. Bayan la'asar muke haɗuwa, ƙartai da gemu, wasunmu har da 'ya'ya, mu yi ta wasan faɗan nan da kowa ke zaɓar ɗan wasansa a gwabza. Mu kullum canzawa muke yi, yau mai takobi, gobe wani ƙato mai kama da buhun taki. Lawal kuwa mutum ɗaya ya sani, wani ɗan karate mai fararen kaya, ba takalmi, ba makami, ba ya ko murmushi. Da shi ya yi shekaru yana lallasa mu, ban taɓa ganin ranar da aka kai shi ƙasa ba.

Ni mutum ne da ba na yarda da abu don kawai na gan shi. Abubuwa biyu suka tsaya mini a rai. Na farko, Lawal ba ya taɓa hannun gem ɗin shago, wato abin nan mai madannai da ake riƙewa ana sarrafa ɗan wasa. Nasa yake zuwa da shi a naɗe cikin tsumma, kuma ko da wasa ba ya bari wani ya riƙe. Na biyu, ɗan karaten nasa ba ya taɓa ɗaga ƙafa ya yi shurin sama, alhali shi ne dukan da ya fi ƙarfi. Da naushi da sharar ƙafa kawai yake gamawa da mu. Na ɗauki wannan a matsayin raini, kuma rainin ya ci mini rai ƙwarai.

Wata rana ya tashi alwala ya bar tsumman a kan benci. Na ɗaga na girgiza, sai na ji wani abu yana motsi a ciki. Da yamma a majalisa na ce wa mutum uku, “Ku dai ku bari. Akwai laya a hannun gem ɗin can.” Rabi wasa nake yi, rabi kuma har zuciyata.

Maganar ta bar hannuna. Kafin kaka ta zagayo, an ce ai shi ya sa injin da ya gagari kowa, shi da ya taɓa sai ya tashi. An ce akwai malamin da yake zuwa wurinsa a wajen Ƙarfi. Da ciwon hanta ya kwantar da shi, na ji da kunnena ana cewa abin ne ya juyo masa. Ina wurin, ban ƙaryata ba. Bayan sadakar bakwai matarsa, Binta, ta aiko mini da tsumman nan, ta ce shi ya bar wasiyya a ba Sani, wato ni. Na jefa shi a ƙasan akwati. Gaskiya tsoron buɗewa nake yi, ko in tarar da layar, ko in tarar babu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai ga yau. Gidan gem ɗin ya koma shagon cajin waya. Samari suna wasan a waya, suna faɗa da mutanen da ba su taɓa gani ba, kuma duk wanda aka ci sai ya ce ɗayan maguɗi ya yi. Ina jin Lawal dariya zai yi, ya ce ashe Sani ya haifi 'ya'ya da yawa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne ɗansa, Mubarak. Yana da shekara ashirin da uku yanzu, ya gaji sana'ar uban, yana kuma neman auren wata yarinya a Malumfashi. Iyayenta suka yi binciken da aka saba yi, suka aiko mutum Funtuwa ya tambayi asali. Wanda aka aiko ya koma ya ce yaron ba shi da aibu, amma ubansa an ce mai asiri ne, kuma abin ne ya yi ajalinsa. Sai aka dakatar da maganar kai gaisuwa.

Mubarak ya same ni a ƙofar gida bayan azahar, idonsa ja. Ya ce, “Baba Sani, Inna ta ce abin yana wurinka. Don Allah a buɗe shi gabana. In akwai, in sani.”

Na ɗauko sukundireba na kwance shi. Da murfin ya rabu, sai ga wani ɗan baƙin abu naɗe da zare ya faɗo kan tabarma. Wallahi a wannan daƙiƙar cewa na yi a raina, ashe dai ban yi ƙarya ba, kuma ina jin kunyar cewa har wani sanyi na ji. Mubarak ya warware zaren. Guntun robar silifas ne, an yanka shi daidai don ya tokare wani madanni da ya karye. Ya duba sauran da idon makaniki, ya nuna mini wani madannin da ya mutu gaba ɗaya, ba gyara. Na shurin sama ne. Ashe da lalataccen hannu yake cin mu duk shekarun nan, kuma hana mu riƙewa da yake yi, don kada mai dannawa da ƙarfi ya ƙarasa shi ne.

Na ɗauki hannun gem ɗin, Mubarak ya raka ni har Malumfashi, na shiga na zauna gaban baffan yarinyar, wani dattijo malamin makaranta. Ya saurare ni har ƙarshe, ya jujjuya robar, sannan ya ce, “Malam Sani, abu shekara goma sha biyu a akwatinka. Ta yaya za mu san ba ka cire wani abu ka sa wannan ba? Kai fa abokinshi ne.” Ban ji haushinsa ba, don da ni ne a wurinsa, tambayar da zan yi ke nan. Ya ce za su ƙara bincike. Har yau da nake rubutun nan ba su aiko ba.

Akwai zargi ɗaya da ya rage mini, kuma ba na jin zai bar ni. Ina zargin Lawal ya san wanda ya fara maganar. Yana da ƙanne, yana da abokan da suka fi ni kusa da shi, amma ni ya ce a ba. Bai taɓa canza mini fuska ba, ko a gadon asibiti da fara'a yake karɓata. Ina jin ya zaci kwana biyu kawai zan yi in buɗe, don ya san ba na iya barin abu a rufe.

Abin da ya bari shi ne ɗa mai hannu irin nasa, da injinan da har yau suke aiki a ƙauyuka, da suna mai tabon da ba shi ya jawo ba. Na gaya wa baffan yarinyar cewa maganar ƙarya ce, amma ban gaya masa daga ina ta fito ba, shi ma Mubarak ban gaya masa ba. A hanyarmu ta dawowa ya tambaye ni wa ya fara faɗa, na ce masa an daɗe, wa zai tuna.

Na tuna, Mubarak. Ni ne, a majalisar bakin layinmu, gaban mutum uku, biyu suna raye za a iya tambayarsu. Mutanen Malumfashi, in akwai wanda ya cancanci a bincika a Funtuwa, ga ni. Allah Ya jiƙan Lawal, Ya sa ya yafe mini kafin ya tafi.