Ranar da Baba Sahabi Ya Ƙaryata Agogon Saba

Duk wanda ya yi aiki da mu a cibiyar kwamfuta ta Kaura ya san gaisuwar Baba Sahabi. Ka ce masa ina kwana, ya sauke tabarau ya ce, "Lahiya lau. Wa ya aiko ka?"

Kai, mutumin nan bai yarda da kowa ba! Wani abokin aikinmu ya kawo masa fura daga Shinkafi, sai da ya sa shi ya kurɓa, ya jira minti goma yana kallonsa. A tashar Zurmi direba ya ba shi gaban mota don girmamawa, ya tsaya cak: "In wurin na da kyau, don mi babu wanda yaz zamna?" A baya ya matsu har Dauran.

Shi ke kula da sabarmu, babbar na'ura guda da aka raba cikinta zuwa ƙananan kwamfutoci. Baƙi yake ce musu, kuma kullum yana zarginsu da ƙarya.

Wata Litinin aka tarar an sauya makin ɗalibai. Ɗaya daga cikin baƙin nan ta nuna an tada manhajar maki ƙarfe biyu ranar Juma'a. Maza duk sun tafi masallaci a lokacin, ni kaɗai ce mace, ni kaɗai a ofis. Har an buga takardar korata. Wallahi na yi kuka, don da aikin nan nake riƙe da mahaifiyata.

Baba Sahabi ya shigo gaban kwamitin bincike ba a kira shi ba.

"Ku kun yarda da ita?"

"Da Hajara?" suka tambaya, suna nuna ni.

"Da na'urar! Tun da anka ɗauke wuta agogonta yat tashi da lissahin barci. Ƙarhe nawa yanzu?"

Shugaban kwamiti ya ce goma. Baba ya tada manhajar a gabansu, ya juyo musu allo. Ta rubuta ƙarfe ɗaya na rana.

"To ga shi nan. Ta ce na yi laihi awa ukku masu zuwa. Ku kore ni tun yanzu, ko ku jira in yi?"

Aka cire awa uku daga biyu, ta koma sha ɗaya na safe, lokacin da ofis ke cike da maza. Aka janye takardar korata. Wani a cikin mazan ya fara share zufa.

Na bi shi waje ina godiya, hawaye na zuba. Ya ce, "Ɗiyata, kak ki ɗauka na yarda da ke. Ita dai na hi zargi."

Shekara tara ke nan ina kan kujerar da ya tsare min, mahaifiyata kuma ba ta rasa maganinta ba har ta koma ga Allah. Ya Allah, Baba Sahabi ya tsaya min ranar da ba ni da kowa. Ka jiƙansa, Ka haskaka kabarinsa, Ka tsaya masa ranar da shi ma ba shi da kowa sai Kai.