Ranar da Wagiran Ya Tafi Biki da Makulli

Wagiran manomin rogo ne, maƙwabcina a tuddan Gunungkidul. Mutum ne mai fara'a, mai son a yabe shi. Gonar da ya gada ta ƙare ne a bakin wani kogo, kuma a can ƙasan kogon akwai ruwan da ba ya ƙafewa. Idan rani ya tsananta tafkin gari ya tsage, mata sukan ratsa cikin rogonsa goye da jarkoki su gangara ɗiba. Ubansa bai taɓa hana kowa ba.

Wata shekara ɗalibai suka zo daga birnin Yogya, suka ɗauki hotunan kogon suka watsa. Baƙi suka fara zuwa. Kasidi, ƙanin matarsa, direban babbar mota, shi ya zuga shi.

"Kang, yayana, kana zaune a kan arziki kana cin busasshen rogo? Takardar gona a hannunka take, ko a hannun matan gari?"

Wagiran ya gina matakala, ya ja wayar wuta har ciki, ya sa ƙyauren ƙarfe da kwaɗo, ya fara karɓar kuɗin shiga a hannun baƙi. Akwai wani farin dutse mai tsini da ke saukowa daga rufin kogon, baƙi na yawan buga kai a jikinsa. Ya sa guduma ya karya shi. Mata kuwa aka ce su riƙa zuwa da sassafe, kafin baƙi, shi zai buɗe musu.

Haske da hayaniya suka kori jemagun da ke kwana a ciki. A shekarar bishiyoyin pete na gari, masu kama da ɗorawa, suka yi fure amma 'ya'yan ba su kama ba, don jemagu ne ke bin furen. A shagon kofi aka fara tsokanarsa.

"Ga mai gida nan, wanda ya kori 'yan haya ba sanarwa!"

"Ai ba su taɓa biya ba," in ji shi, yana dariya tare da su.

Sai ranar da aka gayyace shi biki a garin Wonosari. Ya fita tun asuba, makulli a aljihu, bai ko tuna ba. Rani ne sosai, motar ruwa ba ta zo ba a makon. Mbah Ponirah, tsohuwar da ta shayar da shi lokacin da mahaifiyarsa ke jinya, ta zo da jarkarta ta tarar da kwaɗo. Ta zauna a gindin ƙyauren har rana ta take. Da ta gaji, ta nufi wani idon ruwa a bayan tudu. A hanyar dawowa ta zame a kan duwatsu, wuyan hannunta ya karye.

Da la'asar na raka shi gidanta, bai ko cire rigar biki ba. Tana kwance a kan gadon gora, hannun a ɗaure.

"Ɗana, ka dawo? Ka ci abinci?"

"Mbah, makullin..."

"Bar wannan. Gonarka ce ai. Ni ce ban iya lokacin zuwa ba."

Da zaginsa ta yi, da ya samu abin riƙewa. Ta sa jikarta ta kawo masa shayi, kuma ya san da wane ruwa aka dafa shi. Ya kasa sha, ya kasa ajiyewa.

Babu wanda ya yi masa faɗa a garin. Tsokanar shagon kofi ma ta tsaya, sai gaisuwa mai tsawo cikin ladabi, irin wadda ake yi wa baƙo. Ya daina fita. Ya cire kwaɗon ya jefa a kwandon kaji, ya koma ɗaki ya zauna. Matarsa Sarjiyem ta yi haƙuri har ta gaji.

"Wannan kunyar taka, ta ɗebo wa wani ruwa? Tashi ka ɗauki jarka."

Ya tashi. Har ƙarshen ranin shi ya riƙa cika randar tsohuwar, yana bi ta bayan gidaje.

A taron gari na gaba ya miƙe, idonsa a ƙasa, ya nemi a rubuta cewa hanyar ruwa ta kowa ce, ko da 'ya'yansa sun sayar da gonar bayansa. Kasidi ya fice yana cewa an haukace. Ɗaliban nan suka dawo suka taya shi kwance wayoyin wuta. Suka matsar da ƙyauren can ciki, bayan wurin ɗiban ruwa, da sandunan ƙarfe masu tazara yadda jemage zai wuce. Ya tambayi ɗaya daga cikinsu ko dutsen da ya karya zai sake tsirowa.

"Zai tsiro, Pak Wagiran, ɗigo bayan ɗigo. Amma ko jikokin jikokinka ba za su gani ba."

Yanzu baƙi kaɗan-kaɗan yake shigarwa, kowa da fitilarsa a goshi, ba taɓawa, ba ihu. Jemagu sun dawo, ko da yake ba kamar da ba. Hannun Mbah Ponirah ya warke a karkace. In ya kai baƙi wurin kututturen dutsen yakan tsaya ya haska shi ya ce, "Wannan ni na karya," sannan ya wuce da sauri kafin a yi tambaya.

Bara jami'an gunduma suka zo da motarsu, za su ɗauki hotonsa a matsayin mai kare kogo. Sarjiyem ta goge masa riga, ta shimfiɗa tabarma, ta soya ayaba. Aka nemi Wagiran aka rasa. Ashe ya ɗauki lauje ya tafi yanko wa awaki ganye, bai dawo ba sai da ya ji tashin motar.