Tarhon Ɗakin Inna

Shekarar da ɓarin jikin Inna ya shanye na haɗa wa gidanmu na Gazawa tarho irin na buro, wato ofis. Gyaran salula da rediyo ne sana'ata. Gidan kuwa babba ne, ga sashena, ga na ƙanena, ɗakin Inna na can ƙurya bayan rumbuna. Muryarta ta dishe, ba ta kai ko bakin ƙofa. Salula ta fi ƙarfin yatsunta, ga rezo, wato sabis, ba ya zuwa sai ya ga dama.

Na samo tsofaffin tarho da wani buro ya zubar, na sa direban da ke ƙetare iyaka ya sayo mini ƴar ƙwaƙwalwar nan da ake ce wa mikrokontrola, ba ta fi akwatin ashana ba. Ita ke gane lambar da aka danna, ta kaɗa ƙararrawa a ɗakin da ake nema. Na dalmace ta cikin gwangwani, na ja waya ta kan katanga, na haɗa da batir da pano mai zuƙar hasken rana. Lamba ɗaya sashena, biyu sashen ƙanena, ko makaho ya iya.

Ni ne ɗan farinta. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko ta aiko a faɗa mini. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma na ɗauka ciwo ya fi ƙarfin kunya.

Lokacin girbi, wata rana da hantsi, ta zamo daga gado. Tarhon na kusa da hannunta, ta yi ta danna biyu. Ashe ƙanena, sarkin dabara, ya yanke wayar sashensa ya ɗaure damman hatsi a kan amalanke, wai igiya ta ƙare. Ni ina ɗakina ina gyaran rediyon wani, tarhona na gefe shiru. Sai da azahar matata ta kai mata fura, ta iske ta a ƙasa, kunci cikin rairayi, ta ɓata zanenta.

Na tare ƙanena a zaure na ci kwalarsa. Ya ce, "Haba Yaya, waya ce fa, ai sai a ƙara wata." Har yau in na tuna maganar nan raina ɓaci yake. Amma ba shi kaɗai na ji haushi ba. Na shiga na ce, "Inna, don girman Allah me ya hana ki danna ɗaya?" Ta juya fuska ga bango. Ƙanwarta da ta zo dubiya daga Gangara ta ce, "Kai ma dai. Ta kira ka da hannunta, a ce me?" Tsohuwa na kwance cikin ƙazanta, su kuma abin da za a ce ne ya dame su.

Na gyara wayar, na sake wa ƴar ƙwaƙwalwar umarni: duk sa'ad da aka danna biyu, nawa ma ya yi ƙara. Ba na ɗauka. In ya yi ƙara sai in leƙa kamar mai wucewa, in ce tabarma na zo ara. Haka muka ci sanyin nan lafiya, ko ruwa take so ina kanta kafin su gama neman takalmi.

Matar ƙanena ce ta ji ƙarar a sashena, ita kuwa bakinta rariya ne. Ta je wai tana yabona. "Inna, kin san hikimar da Yaya ya yi? Kina danna namu, nasa ke kuka." Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini.

Washegari na iske an kife wa tarhon ƙwarya, an tura shi ƙarƙashin gado. Da hannunta mai lafiya ta yi. Na jawo shi, ta sa aka mayar. Biyun ma ta daina dannawa, tunda ta san inda yake zuwa. Ta gwammace ta sake faɗuwa.

Na kwashe teburina da ƙarfen dalma na dasa a bakin ƙofarta, ina huci. Can nake yini, ko tari ta yi ina ji. Masu kawo gyara su yi ta sallama a zaure, wasu su gaji su tafi. Su tafi ɗin. Ba ta dube ni ba. Da rana ta take matata ta shiga da kunu, na ji disasshiyar muryar nan ta ce mata, "Ki ce wa wancan ya ja teburinsa inuwa, rana na dukansa."